Wai me ake nufi da "birek-in" a harkar amfilifaya?

Ranar Asabar na raka wani ɗan uwana Alaba International, can Ojo, zai karɓo amfilifayar da ya daɗe yana tara wa kuɗi, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai sifika, ba irin ta masu kiɗan biki ba, irin ta falo wadda ake zama a saurara da kunnen basira. Aka jona aka kunna, ya ɗan yatsina fuska yace sautin yayi masa kaifi, bes ɗin kuma kamar an ɗaure shi. Mai shagon ko gezau, yace oga ai bata yi birek-in ba, ka bata awa ɗari biyu kaji yadda zata buɗe. A mota yake tambayata wai meye kuma birek-in, shi ya ɗauka wani abu ne za'a fasa.

Kalmar turanci ce, break-in, wasu suce burn-in, kuma ma'anarta dai a bar sabon kaya yayi ta aiki na wani lokaci har ya zauna daidai. Duk wanda ya taɓa sayen sabuwar Bajaj ya san zancen, ba'a murɗa mata wuta a kwanakin farko, sai fistin da ringi sun saba da juna an juye baƙin mai. To a inji ƙarfe ne ke gugar ƙarfe, kowa ya yarda. Rigimar ita ce amfilifaya babu abin da ke motsi a cikinta, to me zai saba da me?

Ni abin da na fahimta, abubuwa daban-daban ne aka zuba a kwano ɗaya aka basu suna ɗaya.

Akwai ɗumi, wannan gaskiya ne kuma ana auna shi. Taransista, wato 'yar ƙaramar na'urar cikinta da ke ƙara ƙarfin sautin, halinta na canzawa da zafi, shiyasa ƙaramar wutar nan da ake saita mata ta riƙa bi koyaushe, wadda masu gyara ke cewa bayas, bata tsayawa cak sai jikin na'urar ya kai zafinsa na aiki. A nau'in amfilifayar da ake kira Class A, irin na kamfanin Pass Labs, abin ya fi fitowa, don waɗannan ko ba'a saka kiɗa ba shan wuta suke suna fidda zafi, ka taɓa ƙarfen gefen bayan awa ɗaya sai ka janye hannu. Amma wannan kullum ne, ka kashe ta huce gobe sai an sake, minti talatin zuwa awa guda, ba abu bane na sau ɗaya a rayuwa.

Sai kafasita, manyan nan masu kama da gwangwanin madara da ke kusa da taransifoma. A cikinsu akwai takardar alminiyum mai wani siririn rufi wanda wuta ce ke gina shi, in kaya ya daɗe a ajiye ba'a kunna ba rufin yana raunana, in aka basu wuta ya sake ginuwa. Nan ne maganar ta shafe mu sosai, don yawancin abin da ake kira sabo a hannunmu tokunbo ne, wata tsohuwar Marantz ko McIntosh da ta shekara goma a garejin wani bature kafin ta hau kwantena ta sauka Apapa. Irin wannan ba'a banka mata wuta kai tsaye, mai gyaran da ya san aikinsa a hankali yake ɗaga mata boltej, in ba haka ba kaji tas, hayaƙi ya tashi. Kuma a duba bayanta tukuna, kayan Amurka boltej 120 ne mu kuma 230 muke, da yawa sun mutu tun daren farko saboda rashin sitef-dawun mai rage boltej, ba ruwan birek-in.

Amfilifayoyi masu kwalba a maimakon taransista, wato bawul irin EL34 ko KT88 ko 300B, su kam suna ɗan sauyawa a awannin farko, shiyasa ake sake duba bayas bayan an sa sababbi. Sai dai kwalba tana da iyakar rayuwa kamar ƙwan fitila, duk awar da ka barta tana ci a banza daga kwananta ka rage.

Wanda ya fi kowa canzawa a zahiri ba ma amfilifayar bace, sifika ce, tunda ita tana motsi, robar bakinta da ƙyallen nan mai lanƙwasa na ciki suna yin laushi bayan an ɗan buga, bes ya saki kaɗan. Mutum zai sayi duka biyun rana ɗaya sannan ya jingina wa amfilifaya abin da sifika tayi.

Sauran kuma, a ganina shi ne kaso mafi tsoka, kunnenka ne. Ka tuna ranar da ka fara sauka Legas, ƙarar danfo da janareto ta hanaka barci a Agege, yau kuwa sai kaje gida kaji shirun yayi yawa. Haka ƙwaƙwalwa take da sauti, sati biyu kana jin abu sai ya zama shi ne daidai. Kuma wallahi babu mai iya riƙe ainihin yadda sauti yake na sati uku da suka wuce ya kwatanta da na yau, ko na mintuna kaɗan ma wuya yake. Masu awo sun daɗe suna cewa in aka gwada amfilifayar taransista mai lafiya tana sabuwa da bayan ɗaruruwan awanni, bambancin bai kai abin da kunne zai kama ba, masu sauraro kuma su rantse sun ji. Bana cewa ƙarya suke, sun ji ɗin, tambayar ita ce a ina canjin ya faru.

Sannan a yi lissafin wuta. Amfilifaya mai shan wat 300 in ta yi awa 200 ta cinye yunit 60, in kana Band A, rukunin waɗanda suka fi samun wuta, inda aka kai yunit naira 225 a watan Afrilun 2024, a wancan farashin dubu sha uku da ɗari biyar kenan, balle ace da janareto kake yi, ga haɗarin wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi kana kasuwa ka barta a kunne.

Abin da na faɗa wa ɗan uwan nawa shi ne ya sa mai shago ya rubuta a rasit kwana nawa yake da damar mayarwa, don awa ɗari biyu in kana saurare awa biyu kullum wata uku ne da 'yan kai, lokacin ko ka koma sai dai a baka kujera da ruwan sanyi. In tana huci, ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ƙara, ko tana ƙauri, wannan lalura ce, babu adadin awannin da zai gyara ta. Mai shagon ya bashi kwana bakwai, yau na huɗu, jiya ya kirani yace kaifin ya ragu, na tambaye shi ko ya taɓa wani abu, yace a'a, kafet kawai matarsa ta shimfiɗa a falon.