Madubin saiti mai tsada a kan bindigar iska: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya mallaki bindigar iska mai kyau, ba ya daɗewa sai ransa ya fara raya masa ya ɗora mata madubin saiti na manya, irin su Swarovski, Zeiss, Leupold ko Nightforce. Madubin saiti shi ne abin hangen nan da masu sayarwa ke kira sikof. Matsalar ita ce yawancin waɗannan madubai an ƙera su ne don bindigar da ke harbi da albarushi a nisan mita ɗari zuwa sama, ita kuwa bindigar iska aikinta bai cika wuce mita 10 zuwa 50 ba.

Madubin da ya jure shurin bindigar farautar manyan dabbobi, ai bindigar iska ba za ta yi masa komai ba?

Ya danganta da wace iri ce a hannunka. Idan mai tulun iska ce, wadda ake kira PCP, irin ta kamfanonin FX, Daystate ko Air Arms, to ba ta da wani shuri na a zo a gani. Duk madubin da ka ga dama ka ɗora mata, zai zauna lafiya.

Mai sifirin ce abin tsoro, wato irin su Diana 34 da Weihrauch HW80 da Gamo masu karyewa, waɗanda ake lanƙwasa hancinsu a ɗana su. Da ka ja kunama, sifirin zai ingiza fistan gaba da ƙarfi, bindigar ta ja baya. Kafin ƙiftawar ido fistan ya isa ƙarshen bututunsa ya yi karo, sai bindigar ta fizgo gaba. Shuri biyu ke nan a harbi ɗaya, ga kuma karkarwar sifirin a bayansu. Bindigar albarushi baya kawai take shuri, don haka akwai madubai da yawa da aka tokare gilasansu ta fuska ɗaya tak. Fizgar gaban nan ita ce ke sassauta gilashi, ta karya giciyen saiti idan na waya ne, ko ta sa saitin ya riƙa yawo ba gaira ba dalili. Abin kuma a hankali yake faruwa, yau harbi na faɗawa daidai, bayan 'yan makonni ka ga ya fara watsuwa, kana ta zargin harsashi.

Tsada ba ta zama shaida a nan. Ka rubuta wa kamfanin ka tambaye su ƙarara ko wannan samfurin ya dace da bindiga mai sifirin, kuma ko garantinsu ya haɗa da hakan. Madubin da aka zana giciyensa a jikin gilashi ya fi na waya juriya.

Mene ne faralaks, kuma me ya sa ake ta maganarsa?

Ka kafa bindigar a kan wani abu kada ta motsa, ka leƙa madubin, sannan ka ɗan kaɗa kanka hagu da dama. Idan ka ga giciyen yana zamewa a kan abin da ka saita, faralaks ke nan. Yana faruwa ne idan hoton da gilashin gaba ya kawo bai sauka daidai inda giciyen yake ba. Sakamakonsa shi ne duk lokacin da kumatunka ya ɗan canza wurin zama, harbin ma zai canza wurin faɗuwa.

Madubin farauta na gama-gari ana ɗaure shi ne a yadi 100 ko mita 100 tun daga masana'anta. A mita 15 zai ba ka hoto dishi-dishi, musamman idan ka ƙara girman hange. Wasu masu tsadar ma da ke da abin murɗawa a gefe, iyakarsu mita 50 ko 25, ba sa saukowa ƙasa da haka. A ganina wannan shi ne layi na farko da ya kamata mai bindigar iska ya karanta a takardar bayanin madubi, tun kafin ya kalli farashi: har ina yake saukowa? Idan bai kai mita 10 ba, ba naka ba ne, ko da sunan wa ke jikinsa. Madubai na March da ake yi a Japan suna saukowa yadi 10. Leupold na da waɗanda ta yi wa alamar EFR don harbin kusa. Hawke ta Ingila kuwa, jerin Airmax ɗinta don bindigar iska aka yi shi, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na waɗancan ba.

To me kuɗin ke saya, idan mai araha ma zai yi aiki?

Abu biyu ne na gaske. Na farko gilashi: da asuba ko gab da magariba, ko a cikin duhun rumbu, mai tsada yana nuna maka abin da mai araha zai bar ka kana lalube. Da rana tsaka bambancin kaɗan ne, kada wani ya ruɗe ka. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga mai murɗa saiti a kai a kai, shi ne amanar maɓallan murɗa saiti. Ka murɗa taku 40 sama, ka dawo 40 ƙasa, harbi ya koma ramin da ya bari. Madubi mai araha yakan yi haka yau, gobe ya saɓa. Wanda yake saita madubinsa sau ɗaya ya bar shi, yana harbin gwangwani a mita 20, ba shi da buƙatar biyan wannan kuɗi.

Girman hange nawa ya isa?

Don ɓera da kurciya a gona, mai ninka hoto sau 3 zuwa 9 (3-9) ko sau 4 zuwa 16 (4-16) ya wadatar. Manyan nan masu kaiwa 50, irin su Sightron SIII 10-50x60 da Kahles K1050i, na 'yan gasar Field Target ne, wasan da ya samo asali a Ingila a farkon shekarun 1980. Ana jera ƙarafa masu siffar dabbobi daga mita 9 zuwa 50, kowanne da rami mai faɗin milimita 15 zuwa 40, kuma ba a gaya wa kowa nisan. Ɗan gasa zai kai hangensa ƙarshe, ya murɗa wata babbar ƙafa da ke gefen madubin har hoton ya fito tar, sannan ya karanta nisan daga alamomin da ya rubuta a jikinta. Madubin nasa ma'aunin nisa ne, shi ya sa yake zuba masa kuɗi.

Idan ba a gasa ba, irin wannan madubi wahala ne. Nauyinsa ya kusa kilo guda, filin da kake gani ya ƙuntata, bugun zuciyarka ma sai ka gan shi a giciye. Mai sifirin kuma tana son a riƙe ta sako-sako, iri ɗaya kullum, ƙarin nauyi a samanta yana canza yadda take motsi.

Mariƙin da ke haɗa madubi da bindiga fa, kowanne ya yi?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi yin rowa bayan sun gama kashe kuɗi a sama. Yawancin bindigogin iska layin ɗora madubi mai faɗin milimita 11 gare su, wasu sababbi kuma wani iri mai tsage-tsage da ake kira Picatinny. Jikin madubi yakan zo inci ɗaya, milimita 30 ko 34, sai zobban sun dace da shi. Ga mai sifirin, a nemi mariƙi guda mai haɗe, mai ƙusar tsayarwa da ke shiga ramin da ke saman bindigar, in ba haka ba madubin zai riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan. Akwai ma waɗanda aka yi don shanye shurin, kamar Dampa na kamfanin Sportsmatch. Kada a ɗaure sukurorin zobe da ƙarfin tsiya, ana iya lotsa jikin madubin.

Bindigogi masu karyewa da yawa hancinsu yana ɗan kallon ƙasa. Mai ita zai yi ta murɗa saiti sama har ya ƙure, alhali idan maɓallin ya kai can, ɗan sifirin da ke riƙe da bututun ciki ya saki, saiti ba zai ƙara tsayawa ba. Maganin shi ne mariƙi mai ɗan gangare ko wanda ake daidaitawa, domin maɓallan su zauna kusa da tsakiya.

Na murɗa taku biyar, harbin bai motsa ba. Madubin ya lalace ne?

Wataƙila lafiyarsa ƙalau. Lissafin da ke jikin maɓalli na mita 100 ne. Idan taku ɗaya santimita 1 ne a can, a mita 25 milimita biyu da rabi ne kacal. Harbin da ya kauce da santimita 5 a mita 25 yana buƙatar taku 20.

A kuma tuna madubin yana zaune santimita 4 zuwa 5 sama da hancin bindiga. Ɗauki harsashin dalma mai milimita 4.5 a bindiga mai ƙarfin jul 16 (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne), wato iyakar da Ingila ta yarda a riƙe ba tare da takardar makami ba. In an saita ta a mita 30, harsashin zai ratsa layin gani a wajen mita 15, ya ɗan haura, ya sake sauka a 30. A mita 5 zai faɗa ƙasa da giciye, a mita 50 kuma ya sauka da kusan santimita 10. Ɗigogin da ke ƙarƙashin giciye don wannan aka yi su, amma a mafi yawan madubai darajarsu tana canzawa idan ka canza girman hange, sai dai idan giciyen yana girma tare da hoton.

Akwai abin lura na musamman a ƙasarmu Najeriya?

Ƙurar hunturu tana karce gilashi idan aka goge ta a bushe da bakin riga. A hure ta tukuna, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi, a riƙa rufe murfi. Zafin bazara kuma yana kawo kawalwalniya, wadda babban hange ke ƙara wa ƙarfi, sai a rage shi. Jabun Leupold da makamantansu sun cika kasuwar intanet, don haka a aika wa kamfanin lambar da ke jikin madubin a tabbatar. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 kuma ta lissafa bindigar iska cikin makaman da sai da lasisin 'yan sanda ake riƙe su, saboda haka a fara da takarda kafin a yi odar komai.