Waiwaye: Yadda kaza ta bar biranen Amurka, da yadda ta dawo

A 1918, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ma'aikatar Noma ta Amurka ta riƙa buga sanarwa tana roƙon kowane gida ya yi kiwon kaji, kaza biyu ga kowane mutum. A yaƙi na biyu ma, da Birtaniya ta ƙayyade wa babba ƙwai ɗaya a mako, iyalai da yawa sun haƙura da rabonsu, suka karɓi abincin kaji a madadinsa. A lokacin, kiwon kaza a birni kishin ƙasa ne.

Dokokin tsara gari ne suka mayar da shi laifi. A 1926 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar garin Euclid da kamfanin Ambler, ta tabbatar wa ƙananan hukumomi ikon ware unguwar zama daban, wurin sana'a daban. Bayan 1945 sababbin unguwanni suka bazu a gefen birane, manyan gonaki suka cika kantuna da ƙwai mai araha, firji ya shiga gidaje. Sai gari bayan gari ya sa kaza a sahun alade da saniya, ya ce ta koma gona. Tsafta aka kawo hujja, kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Amma a ganina akwai dalilin da ba a furta ba: kaza a bayan gida tana tuna wa mutane talauci da ƙauyen da suka baro, masu sababbin gidaje kuma suna gudun darajar gidajensu ta faɗi. In cunkoso ne matsalar, ai New York ta fi kowa cunkoso, ga shi kuwa har yau ana kiwon kaji mata a can, zakara kawai aka hana.

Duk da haka mutane ba su daina ba, ɓoyewa suka yi. A Madison ta jihar Wisconsin, masu kiwon a ɓoye suka fito fili suka matsa wa majalisar birni, a 2004 ta amince: kaji huɗu, ban da zakara, ban da yanka a gida, akurki ya nisanci gidan maƙwabci da ƙafa 25. Irin waɗannan sharuɗɗa ne sauran birane suka yi ta bi. Ann Arbor ta halatta a 2008 da sharaɗin yardar maƙwabta, Vancouver ta Kanada ta biyo a 2010, a shekarar kuma Seattle ta ɗaga adadin daga uku zuwa takwas.

Masu adawa suna da abin faɗa. Hatsin da aka bari a buɗe yana jawo ɓeraye. Hukumar CDC, mai yaƙi da cututtuka a Amurka, ta ƙirga mutum 1,722 da suka kamu da salmonela, wata ƙwayar cuta mai sa gudawa, ta hanyar kajin gida a 2020. Ga kuma abin da sababbin masu kiwo ba sa lissafawa: kaza tana rage ƙwai bayan shekara biyu ko uku, alhali tana iya kai takwas a raye, doka kuma ta hana yanka. Shi ya sa wasu ke kai su gidajen ajiye dabbobi. Murar tsuntsaye ta ƙara dagula lamarin. Toronto ta Kanada ta fara gwajin halatta kiwon kaji a 2018, ta rufe shi a 2023 saboda ita. Murar ce kuma ta kai dozin ɗin ƙwai sama da dala 6 a Amurka a watan Maris na 2025, abin da ya sa wasu suka ƙara kwaɗayin kafa akurki.

Abin da ya fi damuna shi ne wa dokar ta dawo wa. Kuɗin lasisi, tazarar da aka ƙayyade daga maƙwabci, akurki mai tsada, duk mai gidan kansa da fili ne ke iya cika su. Ɗan haya sai da yardar mai gida, mazaunin bene ba shi da inda zai ajiye ta, a unguwanni da dama kuma ƙungiyar masu gidaje tana hanawa ko da birni ya yarda. Iyalin da ƙwai huɗu a rana zai fi yi wa amfani, su ne har yanzu yawancin waɗannan dokoki ba su kai gare su ba.