Madubin Hangen Nesa Na Farauta: Yadda Za Ka Zaɓa Idan Kuɗinka Kaɗan Ne

Me lambobi irin 20-60x80 suke nufi?

Lambobin farko ƙarfin kusantarwa ne: madubin yana jawo abu kusa daga ninki 20 zuwa ninki 60. Ta ƙarshe kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 80. Wannan gilashin ne ke tara haske, shi ya sa girmansa ya fi muhimmanci da asuba da gab da magariba, lokutan da dabbobi suka fi fitowa.

To ai sai in sayi mai ninki mafi yawa?

A nan mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Raba faɗin gilashin gaba da ƙarfin kusantarwa, za ka samu kaurin hasken da ke shiga idonka. Gilashi mai milimita 80 a ninki 20 yana ba da milimita 4, hoto tar. Ka murɗa zuwa 60, sai ya koma milimita 1.3 kacal, hoton ya dushe. Mai milimita 60 a ninki 60 kuwa milimita 1 ne, da yamma kusan duhu za ka gani.

Ga kuma iska. Idan rana ta ɗaga ƙasa ta ɗau zafi, ƙawalwalniya kan sa hoto ya riƙa rawa, kuma ƙarin ninki rawar yake ƙara girma. Filin da kake gani ma yana tsukewa, ya ragu zuwa kusan rabi tsakanin ninki 20 da 60. Yawancin aikin maharbi tsakanin 20 da 40 yake ƙarewa. Madubi mai 15-45x65 da gilashi mai kyau ya fi mai 20-60x80 da gilashi maras inganci, kuma ya fi sauƙin ɗauka: na 65 yakan kai kilo ɗaya da 'yan kai, na 80 kuwa ya doshi kilo biyu.

Ta yaya zan gane gilashi mai kyau?

Nemi abu uku a jikin kwali. ED na nufin gilashin da ke rage baza launi, wato zanen shuɗi ko shunayya da ke fitowa a gefen abu mai duhu idan bayansa haske ne. Wannan zanen ne ke hana ka bambance ƙaho da reshe. FMC na nufin an yi wa kowace fuskar gilashi shafe hawa-hawa don haske ya wuce ba tare da ya tarwatse ba. BaK-4 kuma nau'in gilashin ciki ne mai juya hoto. Miƙa madubin nesa da fuskarka wajen haske, ka dubi ɗigon hasken da ke gilashin ido: idan zagaye ne cif, madalla, idan gefensa ya yi dishi-dishi kamar murabba'i, na BK-7 ne mai araha.

Rubutun kwali dai bai isa ba. Gwada shi da yamma, kada ka gwada a ƙarƙashin fitilu masu haske. Saita shi a kan rassan bishiya da sararin sama a bayansu, ka duba tsakiya ka duba gefe. Murɗa zoben saiti a hankali: idan yana da sako-sako ko yana cijewa, a ninki 40 za ka sha wahala, domin motsi kaɗan ke ɓata saiti.

Miƙaƙƙe ko mai lanƙwasa?

Miƙaƙƙe ya fi saurin kama abin da ka hango, ya kuma dace da kallon gangare. Mai lanƙwasar digiri 45 ya fi hutar da wuya idan za ka daɗe kana duban tudu, kuma yana aiki da gajeren mariƙi, wato abin da ake ɗora madubin a kai.

Mariƙi mai ƙafa uku dole ne?

Dole ne, kuma ka ware masa kuɗi tun farko. A ninki 30, rawar hannu ma ninki 30 take zama. Mariƙin roba mai siraran ƙafafu zai mayar da madubi mai tsada abin banza da zarar iska ta kaɗa. Zauna ka rage tsawon ƙafafun, kada ka zaro sandar tsakiya sai da larura, ka rataya jakarka a ƙugiyar ƙasa don ƙarin nauyi. Kan mariƙin ya riƙa juyawa sumul, ya kuma tsaya inda ka ɗaure shi ba tare da ya sunkuya ba.

Ina sa tabarau, akwai abin lura?

Akwai. Nemi tazarar ido, wato nisan da idonka zai iya yi da gilashin ido kana ganin hoton duka, ta milimita 16 ko fiye, ka gwada a ninki mafi girma, domin a can tazarar take raguwa.

Na hannu fa, wato wanda aka riga aka yi amfani da shi?

Yana iya zama hanya mafi riba. Haska tocila ta gilashin gaba ka leƙa: zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, hazo a ciki kuma alama ce hatimin roba ya lalace, iskar nitirojin ko argon da ke hana raɓa ta tsere. Ka bar irin wannan komai arahar sa. Tambayi ko garantin kamfani yana bin kayan zuwa ga mai saye na biyu.

Ba zan iya amfani da madubin bindiga kawai ba?

A'a. Duk abin da ka leƙa ta madubin bindiga, ka nuna shi da bakin bindiga ke nan, kuma motsin da ka gani a cikin ciyawa zai iya zama mutum. Fara bincike da madubi mai ido biyu, ka tantance da na hangen nesa, sannan ka taɓa bindiga.