Waiwaye: Yadda gidan rediyo ya zama dandalin wasan kwaikwayon Kaduna

Mai neman tarihin wasan kwaikwayo a Kaduna, in ya ce gine-gine zai bi, zai sha yawo a banza. Akwai dandali a Gamji Gate, makarantu ma suna nasu wasannin, amma gidan wasan da ya fi daɗewa yana tara jama'a a garin nan shi ne gidan rediyo da talabijin.

A 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardauna, ta kafa kamfanin watsa labarai na BCNN, rediyo da talabijin a haɗe. Burin gwamnati wayar da kai ne: a sa yara makaranta, a je asibiti, a zauna lafiya. Ma'aikatan gidan kuwa sun san mutanensu. Nasiha tsurarta ba ta shiga kunne, sai an cusa ta cikin rigimar kishiyoyi ko ta mai gida da ɗan haya. Ta wannan ƙofa aka samu Zaman Duniya Iyawa Ne na Alhaji Yusuf Ladan, wanda har ya zama littafi, da kuma Duniya Budurwar Wawa. Da yake muryar Rediyon Kaduna tana ƙetare iyaka, 'yan kallon wannan dandali, ko a ce 'yan sauraro, sun kai har Nijar da Kamaru.

Wanda ya fi kowa cin moriyar gidan, a ganina, shi ne Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama. Banufe ne, tsohon soja, ya kwaso rayuwar bariki ɗungurungum ya kawo ta gaban makirufo, daga baya gaban kyamara. Ga gashin baki, ga tsawa a kan kurata, ga Hausar bariki da yake cakuɗawa da Turancin buroka har sai wanda ba ya jin ko ɗaya ya kwashe da dariya. A lokacin da soja ke mulki, ba ƙaramin abu ba ne farar hula su zauna a tsakar gida suna yi wa mai kaki dariya, sojojin ma suna taya su.

Kasimu Yero salonsa daban ne. An san shi da Karambana, aka gan shi a Magana Jari Ce na talabijin, sannan ya fito a Cock Crow at Dawn da Turanci, abin da ya sa 'yan Kudu ma suka san fuskarsa.

A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin talabijin ƙarƙashin NTA, rediyon kuma ya shiga hukumar rediyon tarayya, FRCN, a 1978. Wasanni sun ci gaba, sai dai akalar ta bar hannun Arewa. Da finafinan bidiyo suka kunno kai a Kano daga 1990, kuɗi da 'yan kallo da matasan 'yan wasa duk suka karkata can.

Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, dukansu a Kaduna. Matashin da ke son ganin aikinsu yau, galibi guntayen bidiyo masu dishi-dishi zai tarar a YouTube da Facebook.