Shin da gaske ne namijin dabba ba ya hawan namiji?

An daɗe ana faɗa a zaurukan hira na Zongon Kumasi cewa babu dabbar da ke neman barbara da 'yar jinsinta. Masu wannan magana ba da mugun nufi suke yi ba, abin da suka taso suka ji ke nan, sai dai binciken masana halayyar dabbobi ya nuna akasin haka.

An rubuta ganin wannan ɗabi'a a cikin nau'o'in halittu fiye da 1,500, daga ƙwari da tsuntsaye har zuwa raƙuman dawa da birai. A Amurka, masu nazarin tumaki sun gano cewa kusan kashi 8 cikin 100 na raguna suna fifita hawan rago ko da an kawo musu tunkiya. Dalilan sun bambanta, domin wani lokaci nuna fifiko ne a garke, wani lokaci kuma ƙarancin mata ne ko ƙulla zumunci, kamar yadda ake gani a wasu birai na Kwango.

Ba sai an je nesa ba kafin a tabbatar. Duk wanda ya tsaya a turken raguna gab da Sallar Layya zai iya gani da idonsa, makiyaya kuwa sun daɗe da sanin cewa idan saniya ta tsaya cak wata saniyar ta hau ta, lokacin kai ta wajen bijimi ya yi. Wannan bayani ne kan dabbobi kawai, hukuncin addini fagen malamai ne.

Don Allah a tura wa 'yan uwa su karanta.