Sababbin unguwannin Gombe da ruwan damina: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa unguwannin bayan gari da sauyin yanayi?

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, gari yake ta cinye gonakin da ke kewaye da shi. Dubi Tumfure a hanyar Bauchi, yau ta haɗe da gari. Gonar da a da take shanye ruwa ta koma rufin kwano da daɓen siminti. Ga shi kuma iska idan ta ɗumama tana riƙe danshi mai yawa, sai ruwa ya riƙa sauka kamar da bakin ƙwarya cikin ɗan lokaci. Gombe a kwari take, ƙasarta kuma mai yashi ce. Ruwan da na tudu ya kora daga gidansa shi ne yake yaga kwazazzabo a ƙofar na gangare.

To me mai gida zai yi?

Ya riƙe ruwan a inda ya sauka. Lissafin ba wuya: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ke nan. Rufi mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 20, zai ba da lita 2,000, wato jarka 80 mai cin lita 25. Abin mamaki, gidan da ke zubar da wannan ta indararo shi ne zai tare mai kura gobe ya sayi ruwa. A haɗa indararon da tanki mai murfi saboda sauro, a kuma bar wani sashe na tsakar gida ba siminti.

Zafin Maris da Afrilu fa?

Silin a ƙarƙashin kwano, tagogi masu kallon juna, da bishiya a yammacin gida. Darbejiya tana jure fari, amma kada a dasa ta jikin katanga.

Wannan ba aikin gwamnati ba ne?

Babban kwazazzabo kam sai ita, shi ya sa ake da shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ke tallafa wa, da shirin dashen bishiyoyi na 3G da jihar ta fara a 2019. Sai dai gwamnati ba za ta zo ta shayar da dashen ƙofar gidanka a watan Afrilu ba, ba ita ce kuma take cusa leda a magudana ba.

Ina shirin sayen fili, me zan duba?

Ka je ka gan shi a watan Agusta, jim kaɗan bayan an yi ruwan sama, don ka ga inda ruwa yake bi.