Fashin Baƙi: Ƙa'idar Hana Kiran Waje a Wayoyin Gine-ginen Jama'a

Mutum zai kawo mara lafiyarsa daga Dukku ko Kaltungo zuwa wani asibiti a cikin garin Gombe, dare ya yi, cajin wayarsa ya ƙare, sai ya hangi wayar girke a kan teburin ma'aikatan jinya. Ya nemi izini aka ba shi, ya fara danna lambar ƙanensa, amma kafin ya gama sai wayar ta katse. Akasari sai a ɗauka lalacewa ta yi, alhali lafiyarta lau, ƙa'ida ce aka ɗora mata, kuma irinta ake samu a otal-otal da sakatariya da ɗakunan kwanan ɗalibai.

A irin waɗannan wurare, duk wayoyin suna haɗuwa ne a wata na'ura guda mai rarraba kira, wadda aka fi sani da intakom. Kowace waya tana da 'yar gajeruwar lamba, kuma kiran da aka yi daga ɗaki zuwa ɗaki ba ya fita daga ginin, don haka ba ya cin ko kwabo. Layukan da ke fita waje kuwa 'yan kaɗan ne, kuma yawanci sai an fara danna 9 ko 0 kafin a hau kansu. Na'urar ce ke ba kowace waya matsayinta: wata ba ta wuce cikin gida, wata tana iya kiran lambobin cikin ƙasa, wata kuma, kamar ta shugaban wurin, an sake mata har lambobin ƙetare masu farawa da 009. Wayar da ke baranda ko ɗakin jira, wadda kowa ke iya ɗauka, ita ake bari a matsayi mafi ƙanƙanta, wato na cikin gida kawai.

Wannan ƙa'ida ce ta cikin gida, ba majalisa ce ta kafa ta ba. Dokar Sadarwa ta 2003, wadda Hukumar Sadarwa ta Najeriya (NCC) ke aiki da ita, ta fi karkata ga kamfanonin waya da lasisinsu da haƙƙin masu hulɗa da su. Layin da ya shigo gini na wanda ke biyan kuɗinsa ne, kuma shi ke da ikon faɗin wanda zai kira da shi.

Tun zamanin NITEL, tsohon kamfanin waya na gwamnati, lokacin da lambar Gombe take 072 ta Bauchi kuma 077, kuɗi ne babban dalili, har akan sa wa wayar ofis ɗan kwaɗo don kada a juya lambobinta. Bayan zuwan wayar salula a 2001 wannan dalili ya ragu, sai wani da ya fi shi nauyi ya taso, wato alhaki. Layi da sunan ma'aikata aka yi masa rajista, kuma tun ƙarshen 2020 aka fara tilasta haɗa layukan salula da lambar shaidar ɗan ƙasa. Idan baƙo ya ɗauki wayar baranda ya yi wa wani barazana ko ya shirya damfara, ya ajiye ya yi tafiyarsa, lambar ma'aikatar ce za ta bayyana, kuma ita jami'an tsaro za su fara tuhuma. Ga kuma ɓarayin intanet da ke kutsawa cikin na'urorin da ba a tsare su ba, su kwana suna kiran lambobin ƙetare masu tsada, sai ƙarshen wata a ga bashin da ba a san mafarinsa ba. A asibiti ma, mai jinya ɗaya da ya zauna gaishe-gaishe yana iya tare layin da likita ke jira.

Inda ƙa'idar ke zama haɗari shi ne idan mai saita na'urar ya rufe komai da komai, har da kiran gaggawa. A 2013, a wani masauki da ke garin Marshall na jihar Texas a Amurka, an kashe wata mata mai suna Kari Hunt, 'yarta mai shekara tara ta yi ta danna 911, lambar gaggawa ta Amurka, kiran bai shiga ba, domin ba ta san sai an fara danna 9 ba. Dalilin haka aka kafa doka da sunan matar a 2018, wadda ta wajabta cewa irin waɗannan na'urori su bar kiran gaggawa ya wuce kai tsaye. A Najeriya lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce, kuma ta cikinta ake haɗa mutum da 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko jami'an kiyaye haɗurra. A ganina duk shugaban da ya hana kiran waje amma bai taɓa sa an tabbatar masa 112 tana fita daga wayar baranda ba, rabin aikin kawai ya yi, domin buɗe lamba guda a na'urar ba ya ɗaukar mai gyara dogon lokaci.

Na'urar takan kuma ajiye lissafin lambar da aka kira da tsawon kiran, shi ya sa wasu ofisoshi ke ba ma'aikaci lambar sirri da zai danna kafin layi ya buɗe masa, kiran ya hau kan sunansa. Duba lissafi daban yake da sauraron magana, domin sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin hirar da ɗan ƙasa ya yi ta wayar tarho.

Shi kuwa mai jinyar da ya zo daga Dukku, abin da ya dace ya yi shi ne ya nemi mai karɓar baƙi ko shugabar ma'aikatan jinya ta dare, domin galibi akwai waya a hannunsu da aka bar wa layin waje, kuma suna iya haɗa shi da gida daga nan.